Uwata, Kafin Watanki Ya Kama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona mai ƙiriniya. Ya nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya.

Yayarki ta kawo mini maganar da kika kasa faɗa mini da bakinki. Ban ga laifinki ba, ni ma da a waya ne da sai in yi ta kewaye-kewaye har kati ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro. Ta ce tun haihuwar yaron nan kike jin nauyi a ƙasanki, in yamma ta yi ko kin daɗe a tsaye sai ki ji wani nama yana leƙowa ta gaba. Ta ce fitsari yana ɗigo miki in kin yi tari ko atishawa, iska tana kuɓuce miki a cikin mutane, in kuwa ciki ya ɓaci sai da gudu kike isa banɗaki. Shekara biyu da rabi kina cikin wannan, kina wanke zani a ɓoye. Yanzu ga ciki wata huɗu, likita ya ce ki yi tunani a kan aiki, Hajiyar maigidanki ta ce su a danginsu ba a yanka mata, ƙawayenki kuma kowacce da tata fatawar.

Na yi aikin ungozoma a asibitin gwamnati har na yi ritaya, don haka ki saurare ni da kunne biyu, ɗaya na 'ya, ɗaya na majinyaciya.

Kin tuna ragayar da ke rataye a ɗakin kakarki, wadda take ɗora ƙwaryar nono a ciki? Haka Allah Ya yi ƙasan mace. Akwai tsoka da jijiyoyi da aka shimfiɗa tsakanin ƙashin mara da ƙashin baya, su ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura. Lokacin da kan jariri zai wuce, sai sun miƙe ninki-ba-ninki. A wurin yawancin mata suna komawa, a wurin wasu kuwa igiya ɗaya kan saki ko ta tsinke daga jikin ƙashi, sai abin da ke sama ya zazzago. Mu duka muna ce masa saukowar mahaifa, amma sau da yawa mafitsara ce ta turo bangon gaba, wani lokaci dubura ce ta turo na baya, ita mahaifar tana nan kusa da mazauninta. Likitoci suna kasa shi mataki 4. Na biyu, wanda aka ce shi ne naki, shi ne wanda naman ya iso daidai bakin ƙofa. Ba ciwon daji ba ne, ba sammu ba ne, kuma kin gani da idonki bai hana ɗaukar ciki ba. Wataƙila ma ki ji sauƙinsa a watannin nan, domin in ciki ya girma mahaifa takan haura sama ta bar ƙugu.

Dalilinsa a wurinki ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya haura kilo 4, kin daɗe kina nishi kai bai fito ba, ƙarshe sai da aka sa na'ura aka zuƙo shi. Kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai ya isa.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da ya fi damuna shi ne maganar iska da bayan gida. Yagewar da mace ke yi wurin haihuwa ita ma hawa 4 ce. Ta farko fata ce kawai, ta biyu ta shiga tsoka, ita ce daidai da ƙarin da muke yi da almakashi. Ta uku ta kai ga zoben tsokar da ke tsuke dubura, ta huɗu kuwa ta ratsa har cikin duburar. Taki ta uku ce, an kuma ɗinke, amma tun da har yau iska na fin ƙarfinki, alama ce zoben bai koma yadda yake ba. Shin kin faɗa wa likitan wannan? Ina zargin kin ba shi labarin nauyi da fitsari, kin haɗiye na ukun. In haka ne, ki koma ki faɗa masa dalla-dalla, in bakinki ya ƙi, ki rubuta a takarda ki miƙa masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan wannan maganar da kike ɓoyewa shawarar duka ta rataya.

Kada ki tsorata ki ce yoyon fitsari ne ya kama ki. Shi wancan huji ne tsakanin mafitsara da gaba, fitsari na zuba dare da rana ba tari ba atishawa. Doguwar naƙuda ke jawo shi, in kan jariri ya danne nama a jikin ƙashi kwana da kwanaki har naman ya mutu, wani lokaci kuma yankan gishiri. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke mata tun cikin shekarun 1980, da sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala na Kano, da na Jahun, da na Danja kusa da Maraɗi, duk matan da ke kwance a can an taɓa yaba musu dauriya. An ce musu jarumai, sun kwana uku a kan gwiwa ba su yi kuka ba. Masu yabon ba su bi su asibitin ba.

To yanzu hanya biyu ce a gabanki, kuma babu wadda take kyauta.

Da saukowar nan ce kaɗai, da ba zan ce a yi miki aiki ba. Mafi yawan ɓarnar haihuwar fari ce ke yin ta, ta riga ta yi, shi kansa nauyin ciki na wata tara yana danna wurin ko ta ina aka haihu, kuma wuƙa ba ta mayar da abin da ya sauko. Haka nan da ɗinkin ya warke sarai ba ki jin komai, da na ce ki haihu da kanki, domin cikin mata 100 da suka taɓa irin yagewarki, kamar 5 zuwa 7 ne ke sake yin ta, sauran suna sauka lafiya. Amma mace mai sauran alamu daban take. Ko ba ta sake yagewa ba, wucewar wani kan na iya ƙara raunana zoben, abin da yake iska yau ya zama bayan gida gobe, kuma ɗinki na biyu a wurin nan ba ya kai na farko kyau. Ƙa'idar likitocin mata ita ce a zauna da irinki a yi mata tayin aiki na shiri. Akwai hoton da ake ɗauka ta dubura a ga inda zoben ya yanke, da awon ƙarfin matsewarsa. Ba kowane asibiti ke da su ba, ki tambaya ko za a tura ki asibitin koyarwa.

Ra'ayina, tun da na san za ki so ji: in abin da yayarki ta faɗa haka yake, ni na fi karkata ga aiki, a sa rana a sati na 39, da safe, likita ya huta, jini yana ajiye. Aikin da aka shirya da wanda aka yi da tsakar dare bayan naƙuda ta gagara ba ɗaya ba ne. Allurar baya za a yi miki, idonki biyu, ki ji kukan ɗanki.

Sai dai ki san kuɗin da za ki biya, ba na aljihu nake nufi ba. Ciki za a buɗe, akwai zubar jini, akwai ruɓewar ɗinki, akwai daskarewar jini a ƙafa, jinya kuma sai kamar sati 6. Babban abin shi ne tabon da zai zauna a mahaifa. Daga ranar, ke da naƙuda a gida har abada, domin tabo na iya fashewa, kusan mace 1 cikin 200 masu gwada haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya. Kuma duk aikin da aka ƙara, haɗarin mabiyiya ta zauna a bakin mahaifa ko ta kafe a jikin tabon yana ƙaruwa, wannan kuwa shi ke sa a cire mahaifa don a ceci rai. Ba gaskiya ba ne cewa daga uku an rufe, na ga masu huɗu da biyar, amma kowane na gaba ya fi na baya wuya. Saboda haka akwai tambayar da mu ba mu saba yi ba, amma dole ku yi ta ke da maigidanki: 'ya'ya nawa kuke fata, kuma da wace tazara? Allah ke bayarwa, na sani, amma Shi ne kuma Ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ba da shawara a huta kafin wani ciki. Mai son uku ko huɗu da mai son goma lissafinsu ba zai zo ɗaya ba.

In kuma bayan gwaji likita ya ga zoben da ƙarfinsa kika zaɓi haihuwa da kanki, ba zan yi fushi ba, jikinki ne. Sharaɗina dai a babban asibiti, inda akwai ɗakin tiyata da likita a kusa. Ki faɗa wa ungozomar da ke bakin aiki tarihinki tun kina shiga, kada ki dogara da kati. Kada ki yi nishi sai an ce mahaifa ta gama buɗewa, kada ki bari kowa ya hau ruwan cikinki yana dannawa, kuma ki roƙa a dafa wurin da tsumma mai ɗumi lokacin da kai ke fitowa a hankali, yana rage yagewa. Allurar naƙuda ta kemis da jiƙe-jiƙen saurin haihuwa kuwa, ko Hajiya ce ta miƙo, ki karɓa da hannu biyu ki ajiye.

Kafin lokacin akwai aikin da yake naki. Ki riƙa tsuke ƙasanki kamar mai riƙe iska, ki ƙirga zuwa biyar ko goma kina numfashi, ki saki gaba ɗaya, sau 8 zuwa 10, sau uku a yini. Wani likita Ba'amurke, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948, har yau shi ne maganin farko. Ki haɗa shi da asuba da la'asar da isha don kada ki manta. Ba a ganin amfaninsa sai an yi wata uku zuwa huɗu, a nan mata ke karaya su bari. Kada ki yi shi kina cikin fitsari. Ki kiyayi taurin bayan gida: ruwa da yawa, zogale, kuɓewa, alayyahu, gwanda nunanniya. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku wurin awo tana ɗaure ciki, in ta dame ki ki faɗa musu, amma kada ki daina sha. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ba taki ba ce yanzu, haka daka, haka goyon wannan ƙaton. In nauyin ya matsa miki, akwai zoben roba da likita ke sawa ta gaba ya tallafi wurin, ana sa shi ko da ciki. Gyara na tiyata kuwa sai kin gama haihuwa, don wani ciki na iya warware shi.

Masu tallar maganin matsi a waya za su same ki, in ma ba su riga ba. Alif da kanwa da sauran abin cusawa ƙona fata suke yi, na karɓi matan da gabansu ya haɗe da tabo saboda su. Abin da ya saki yana can ciki jikin ƙashi, babu garin da zai kai wurin.

Na ji kuma kina ta sake alwala har kina jin sallarki ba ta karɓuwa. Malamai sun yi bayanin mai lalurar da ba ta iya riƙewa, akwai sauƙi a kanta. Ki tambayi malamar Islamiyyarku yadda hukuncin yake a irin halinki, ki daina azabtar da kanki.

Maigidanki ki tafi da shi awo na gaba, ya ji daga bakin likita. Namiji in bai ji da kunnensa ba, maganar uwarsa zai ɗauka, kuma shi za a nema ya sa hannu. Ya tanadi mutum biyu masu ba da jini. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yin aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, to ya bincika ko asibitinku na ciki, amma ya ajiye kuɗinsa a gefe ko da an ce masa e.

Hajiya kuwa ki bar ni da ita, kada ki yi musu da surukarki. Mace ce mai hankali, tsoro ne ke magana a bakinta, a zamaninsu ba a kai mace tiyata sai ta kusa mutuwa, shi ya sa suka haɗa wuƙa da makara. Zan je in gaishe ta da goro, mu yi magana tsohuwa da tsohuwa. In ta ce ragwanci ne, zan tuna mata Nana Maryam, wadda naƙuda ta kai ta jikin dabino har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, kuma Allah bai kira ta raguwa ba.

Jego a hannuna za ki yi shi, na riga na gaya wa mahaifinki. Ruwa mai ɗumi za ki yi wanka da shi, ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuwa babu, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta shi da ciwon zuciyar masu jego. Kunun gyaɗa da farfesu dai sai kin ture.

Ki aiko mini da hoton katin awonki da takardar sallamar haihuwar farko, in tana nan, ina so in ga abin da suka rubuta game da ɗinkin. Ki kuma sanar da ni ranar da za ku koma wurin likita, in hali ya yi zan shigo mota in zo. Mahaifinki yana gaishe ku, bai san abin da ke cikin takardar nan ba, kuma ba zai sani ba. Ki shafa mini kan angona, ki ce masa ina nan ina jiran kuɗin cefane.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifiyarki.