Aikin awa 20 a mako ba ya biyan kuɗin makaranta a Birtaniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin iyaye da matasa masu shirin tafiya Birtaniya karatun digiri na biyu. Akwai wata magana da masu dillancin guraben karatu suke yawan faɗa, wadda ta jefa gidaje cikin bashi: "Ku dai biya kason farko, in yaro ya isa can zai samu aiki ya cika sauran." Duk wanda ya ɗauki biro ya yi lissafi zai ga ba haka abin yake ba.

Ɗalibin digiri mai bizar karatu yana da izinin aikin awa 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu. Wanda kwas ɗinsa bai kai matakin digiri ba, awa 10 ne. Mafi ƙarancin ladan da doka ta yanka a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama shi ne fam 12.21 a awa, kuma ayyukan da sabon zuwa yake samu ba su cika wuce nan ba: ɗaure kaya a sito, jera kaya a kanti, shara, wanke-wanke a gidan abinci, kula da tsofaffi. Awa 20 ke nan fam 244 a mako, wajen fam 1,058 a wata. Ita kuwa gwamnatin Birtaniya, a ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, ta ƙiyasta ɗalibi yana buƙatar fam 1,136 a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikin Landan, don zama kawai. Ana sabunta alƙaluman nan, amma giɓin yana nan. Wato ko ya cike awanninsa kaf, da ƙyar zai riƙe haya da ci da kuɗin mota. To daga ina ragowar kuɗin makaranta za su fito, alhali a jami'o'i da yawa sun haura fam 15,000?

Su ma awannin ba tabbas gare su ba. Yawancin irin wannan aiki ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata ake samunsa, da yarjejeniyar da ba ta yi alƙawarin ko awa ɗaya ba. Wannan mako a kira ka sau uku, mai zuwa wayarka ta yi tsit. Sito yana neman hannu daga Nuwamba zuwa Kirsimeti, da Janairu ta kama sai a sallami mutane. Ga shi kuma garuruwan da karatu ya fi araha su ne ɗalibai suka fi yin cincirindo a kan 'yan ayyukan da ke akwai. A Mayun 2024 labari ya bazu na wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa biyan kuɗi a kan lokaci, bayan faɗuwar darajar naira ta cinye abin da suka tanada.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yadda ake ƙirga awannin. Mako a wajen hukuma yana farawa ranar Litinin, ya ƙare ranar Lahadi, kuma kowane mako zaman kansa yake yi. Ba a yin awa 10 yau da niyyar a rama da 30 a mako mai zuwa. In kana aiki wuri biyu, haɗa su ake yi. A gidajen kula da tsofaffi an saba da zaman aiki na awa 12. Ka karɓi biyu a mako guda, ko an cire maka hutun awa ɗai-ɗai, awa 22 ke nan, ka riga ka tsallake layi. Manaja zai iya roƙonka ka ƙara awa biyu saboda wani bai zo ba. Shi bai damu da bizarka ba, kai za ka ce a'a. Sai kuma tarkon bazara: ɗaliban digirin farko suna hutu daga Yuni, suna aiki cikakken lokaci, sai mai digiri na biyu ya ɗauka shi ma haka ne. A yawancin jami'o'i watannin rubuta kundin bincike zangon karatu ne, awa 20 tana nan daram. Kwanakin hutun da jami'arka ta rubuta wa kwas ɗinka su ne hujja, ba abin da abokin ɗaki ya faɗa ba.

Haka nan bizar ta haramta sana'ar kai. Wannan yana ba mutanenmu wuya, domin mu mun tashi ne da neman na kai. Kai saƙon abinci a keke ta Deliveroo ko Uber Eats yana cikin haramcin, tunda masu yinsa ba ma'aikatan kamfanin ba ne, masu zaman kansu ne. Kitso a ɗaki don kuɗi, sayar da turaren wuta ko kilishi ta Instagram, yi wa wani kamfani aikin kwamfuta a biya ka da kanka, duk sahu ɗaya ne. Masu hayar asusun wani a manhajar kai saƙon abinci su yi aiki da sunansa kuwa laifi biyu suka haɗa.

Kada a ce wa zai gani. Duk albashin da ya bi ta hanyar doka yana zuwa gaban hukumar haraji ta HMRC a ƙarƙashin lambar inshorarka ta ƙasa, wato lambar da hukuma ke gane kowane ma'aikaci da ita, kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana iya dubawa. Sau da yawa ba a ranar ake kama mutum ba, sai ya zo neman bizar zama bayan kammala karatu ko bizar aiki. Ketare sharaɗin aiki laifi ne a dokarsu, yana iya jawo soke biza da hana wata nan gaba. Mai biyan kuɗi a hannu ba tare da takarda ba kuma ya san ba ka da bakin kai ƙara, shi ya sa yake biya ƙasa da ƙa'ida, wani lokaci ma ya hana gaba ɗaya.

Wanda ya isa, ya fara da buɗe asusun banki, ya nemi lambar inshorar ƙasa ta intanet, kyauta ce. Ya ciro lambar shaidar izinin aiki daga asusun bizarsa, ya karɓi takardar kwanakin zango daga jami'a, domin mai ɗaukar aiki zai nemi duka biyun. Ya cike fom ɗin sabon ma'aikaci da kyau, in ba haka ba za a yanke masa harajin da ya fi ƙima, sai daga baya ya bi sawu. Ya riƙa rubuta awanninsa da kansa a kowane mako. Ya kuma yi maganar salla tun ranar farko: a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin zaman aiki guda, hutun da doka ta tilasta kuwa minti 20 ne ga wanda ya wuce awa shida.

Ku kuma iyaye, kafin a sayar da fili ko gona, a haɗa kuɗin makaranta gaba ɗayansu, da na zaman wata tara, da kuɗin biza, da harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, da tikitin jirgi. A nemi jadawalin biyan kuɗi daga jami'ar kanta a rubuce, ba daga bakin dillali ba, a tambayi abin da zai faru da kuɗin kafin alƙalami in an hana biza. In abin da ke hannu bai kai ba, jami'o'i da dama suna yarda a ɗaga gurbin zuwa Janairu ko Satumba mai zuwa, matuƙar an nema da wuri.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kaduna