Wa ya rubuta sunayen direbobinmu da suka keta rairayi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Ni tsohon bakanike ne a nan Sakkwato, na haura shekara arba'in ina shiga ƙarƙashin mota. Shekaranjiya jikana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kaka, zo ka ga motocin da." Hotunan Turawan da suka fara keta Sahara da mota ne, kuma tun daga ranar zancen bai bar raina ba.

A Disamban 1922 motocin Citroën guda 5 suka tashi daga Tuggurt ta Aljeriya, suka shiga Tambutu a farkon Janairun 1923, kusan mako uku a hanya. Ƙafafunsu na fi kallo: gaba taya, baya kuwa sarƙar roba irin ta katafila, don nauyi ya bazu a kan rairayi kada mota ta nutse. Wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa. A 1924 jagororin tafiyar, Haardt da Audouin-Dubreuil, suka sake fitowa da motoci 8, suka bi ta Yamai, Tasawa da Damagaram, nan bayan gidanmu, suka gangara Tafkin Chadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a Madagaska a 1925. Daga baya, a 1955, ɗalibai 6 na jami'o'in Oxford da Cambridge suka bar Landan da Land Rover biyu, suka isa Singafo a Maris 1956.

Na jinjina musu, domin ba ƙaramin aiki ba ne. Amma 'yan Citroën kamfani ne a bayansu, an riga an ajiye musu mai da kayan gyara a zango-zango, ga mai ɗaukar fim, ga mai zane. Shi ya sa har yau ana ganin fuskokinsu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, karen mota ne a wata babbar mota mai bodin katako da ke ɗaukar maniyyata kafin jirgin sama ya karɓe aikin. Daga Maiduguri su nufi Fallomi, wadda yanzu ake kira Injamena, sai Abeshe, Jinaina, Fashir, har Ubayyid, inda alhazai ke samun jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya. Ya ce idan mota ta kafe, kowa sai ya sauko, har tsofaffi. A rage wa tayu iska, a haƙe da shebur, a shimfiɗa fallayen kwano, mota ta ɗan gusa, shi kuma ya ruga ya ɗauko kwanon ya mayar gaba. Wata rana haka za a yini ana hango itacen da aka kwana a gindinsa. Da dare suka fi tafiya saboda zafin inji. Da sifirin ya karye musu a daji, itace suka haɗa masa suka naɗe da ɗanyar fatar shanu, wadda ke ƙara matsewa in ta bushe, kuma ya kai su gari. A bayan hannunsa na dama akwai tabon ƙuna, inda ruwan lagireto ya watso masa. Ina yaro nakan shafa wurin, santsi kamar leda.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, gabas jama'arsa suka nufa da ƙafa, kuma garin Mai Wurno a Sudan na nan da zuriyarsu. Direbobinmu sawun kakanni suka bi. To ina hotonsu? Ko sunan ubangidan mahaifina, direban da ya yi wannan tafiya ba sau ɗaya ba, ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma wannan na ci mini rai.

Roƙona, Malam Edita, ka turo wakilinka ya zagaya tashoshin mota da majalisun dattawa. Waɗanda suka rage kaɗan ne, kuma duk shekara muna raka wasu makwanci. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan tarihi na Waziri Junaidu su ma su naɗi muryoyinsu. Jak ɗin da mahaifina ya je Sudan da shi yana nan a garejina, har yanzu yana ɗaga mota. Duk wanda ya zo zan nuna masa, in kuma kai shi wurin wasu dattawa biyu da suka bi hanyar.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Sakkwato.