Zuwa ga ɗana, kafin ya kama hanya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ranar tafiyarka ta tsaya, kuma jirginku zai sauka ne da tsakar dare, ba tare da an tanadi wanda zai tarye ka ba. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. A cikin jirgi akwai ma'aikatan da aka ɗora wa alhakinka, amma daga ƙofar filin jirgin zuwa ƙofar otal kai kaɗai ne da akwatuna biyu, ga gajiya, ga baƙunta, kuma wannan 'yar tazarar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Idan aka auna kayanka, za a liƙa maka wata 'yar takarda mai lamba a jikin tikitinka. Ka adana ta kamar fasfo, domin ita ce shaidarka idan akwati bai fito ba. In haka ta faru, kada ka bar wurin karɓar kaya sai ka je teburin kamfanin jirgin an cike maka takardar rahoto, ka kuma ba su adireshin otal ɗin domin su biyo ka da shi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin fasinjojin jirgin sama da kayansu, akwatin da ya wuce kwana 21 bai iso ba ana iya neman diyyarsa a matsayin wanda ya ɓace, wanda ya lalace kuwa kwana 7 kacal ake da su a kai ƙorafi a rubuce. Fasfo, kuɗi, magani da cajar waya su zauna a ƙaramar jakar da ke jikinka.

Jirgin ƙasa da bas sun fi araha, na sani, amma mai jan akwatin kilo 23 a kowane hannu ba ya jin daɗin matakala, kuma a birane da yawa suna daina aiki cikin dare. Ka rubuta wa otal ɗin tun yanzu ka tambaya ko suna da motar ɗauko baƙi. Idan babu, ka bi alamar da ke nuna layin tasi na hukuma, ka tsaya a layi kamar kowa.

Abin da nake tsoro shi ne mutumin da zai tare ka da fara'a da zarar ka fito, ya ce yana da mota a kusa, hannunsa ya riga ya kama mariƙin akwatinka kafin ka buɗe baki. Da zarar akwati ya koma hannunsa, kai ne za ka bi shi, duk inda ya nufa, duk kuɗin da ya yanka. Na san halinka. Tun kana yaro ba ka iya ce wa mutum a'a, kunya ta yi maka yawa, kuma kana ɗaukar kowane mai murmushi a matsayin ɗan'uwa. Ba sai na tuna maka abin da ya faru shekarar da aka aike ka wurin kawunka ba, da kwanakin da muka yi ba mu ci abinci da daɗi ba a gidan nan. Ka ce a lokacin ƙuruciya ce. To, har yau ban ga alamar ka sauya ba, tunda ka yanki tikitin dare ba tare da ka shawarci kowa ba, sai a bakin mahaifiyarka na ji. Ko wanda ya ɗaga allo da sunanka kada ka bi shi kai tsaye, domin kwafar suna daga allon wani ba wuya ba ne. Ka bari shi ya fara faɗin sunan otal ɗin. Idan ta manhajar waya ka kira mota, ka duba lambarta ta yi daidai da wadda ke wayarka kafin a buɗe but. Ka tabbatar an kunna mita ko an daidaita kuɗi kafin mota ta motsa, kuma idan kun isa, a sauke kayanka duka a ƙasa sannan ka biya.

Za ka ce na cika tsanani, kamar yadda 'yan'uwanka suke faɗa a bayan idona. Wataƙila haka ne, amma ni ne na zauna a bakin waya wancan karon, kuma ba na fatan in sake. Ban taɓa shakkar hankalinka ba, kirkinka ne nake gudun a ci da shi.

Ka rubuta sunan otal da adireshinsa a takarda saboda caji yana ƙarewa, ka kuma sanar da su cewa cikin dare za ka iso, kada su ba wani ɗakinka. Idan ka shiga ɗaki ka ƙirga kayanka, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, domin ba zan kwanta ba. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifinka