Zuwa ga Janar Burhan: wane irin ɗan sanda ne zai dawo mana?

Mai girma Shugaban Majalisar Mulkin Sudan, Janar Abdul Fattah al-Burhan, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne a Gadarif, Bahaushe, haifaffen ƙasar nan kamar mahaifina da kakana. Na fara da asalina ne domin mu kafin a saurari maganarmu sai an tambaye mu daga ina muka zo. Wasu kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, wasu kuma sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da har yau yake amsa sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Guminsu yana cikin audugar Jazira da riɗin Gadarif. To, da bakin ɗan ƙasa nake maka magana.

Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025 ake murnar komawar 'yan sanda bakin aiki. Ni ma na yi murna. Duk wanda ya ga abin da dakarun RSF masu yaƙi da sojoji, waɗanda muke kira Da'ama, suka yi wa mutanen Jazira da Sinnar ba zai raina kakin ɗan sanda a ƙofar kasuwa ba. Sai dai muna da tabo a jikinmu tun kafin yaƙin, kuma tabon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna Yulin 2022. Faɗa ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ kan ƙasar noma da kuma buƙatar Hausawa ta samun sarautarsu kamar sauran ƙabilu. Cikin 'yan kwanaki fiye da mutum 100 suka mutu, dubbai suka baro Rusairis da ƙauyukan da ke kewaye da kaya a ka. Da labari ya iso, sai jama'armu suka fito a Kasala da Gadarif da Madani da Bur Sudan da Ubayyid. Ina cikin waɗanda suka taka a Gadarif. A gefena akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga zanga-zanga ba a rayuwarta, 'yarta ce take aure a Rusairis kuma wayarta ta daina shiga. Abin da bakinta yake maimaitawa kawai shi ne a faɗa mata ko yarinyar tana da rai. A Hartum, ranar 19 ga watan, da bumban aka tarbi masu makoki, hayaƙin nan mai sa hawaye, aka tarwatsa su a titi.

Ba zan ɓoye laifin namu ba. A Kasala wasu matasa sun cinna wa ofisoshin gwamnati da shaguna wuta, kuma na faɗa musu a lokacin, ina sake faɗa yanzu, ɓarna ce. Amma wanda ya ƙona ofis akwai kotu dominsa. Haramta wa gari guda taro saboda shi, da rayukan da suka salwanta a kwanakin, wannan wani abu ne daban. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ya zo a watan Oktoba na shekarar, sa'ad da aka sake kashe mutane kusan 200 a Wad al-Mahi, a jihar Nilul Azraƙ ɗin dai, cikin kwana biyu. Motocin da suke cika titi cikin sa'a guda idan an ji za a yi maci, ina suke a ranakun nan? Har yau ba wanda ya amsa mana.

Kada a ɗauka kukan ƙabila nake yi. Sandar da ta sauka a kanmu ta riga ta sauka a kan 'ya'yan kowa. Ranar 3 ga Yunin 2019, ana dab da sallar azumi, aka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar sojoji, ƙungiyar likitoci ta ƙirga gawa fiye da 100, wasu daga kogin Nilu aka tsamo su. Kai ne shugaban majalisar soja a lokacin. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib, kuma iyayen yaran ba su ga rahoton ƙarshe ba. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an katse intanet na makonni, aka ci gaba da harbin matasan da suke rera “silmiyya, silmiyya”, wato lumana. A rana ɗaya tak, 17 ga Nuwamba, aƙalla 15 suka faɗi, akasarinsu a Bahri. Kafin yaƙi ya fara adadin ya haura 120. Har Amurka ta ƙaƙaba wa rundunar 'yan sandan kwantar da tarzoma da muke kira Abu Ɗera takunkumi a Maris na 2022 saboda yadda take murƙushe masu zanga-zanga.

Tushen wannan duka abu ɗaya ne, rigar kariya. Jami'in da ya san ba za a kai shi gaban alƙali ba sai da izinin ogansa, yatsansa ba ya nauyi a kan kunamar bindiga. A Fabrairun 2023 wani jami'i ya harbe wani mai zanga-zanga, Ibrahim Majzub, a Sharƙun Nil da ke jihar Hartum, aka ce aikin mutum ɗaya ne. An amsa laifin ne domin wani ya ɗauki bidiyo duniya ta gani. Sauran fa, waɗanda suka faɗi a lungun da babu waya?

Na kuma san ƙasar nan tana iyawa idan ta so. Ahmad al-Khair malami ne kamata, a Khashmul Girba, nan kusa da mu. An kama shi a farkon 2019, ya mutu a tsare, aka fara cewa guba ce a abinci. Malamai suka ƙi yin shiru, bincike ya nuna azabtarwa ce, kuma a Disamban shekarar kotu a Umdurman ta yanke wa jami'an leƙen asiri 29 hukuncin kisa. Ranar da aka karanta hukuncin, a ɗakin malamanmu akwai waɗanda suka zubar da hawaye.

Yanzu ana ce mana lokacin yaƙi ne, a yi haƙuri. Mun yi, 'ya'yanmu ma suna fagen daga. Amma da sunan yaƙi aka mayar wa hukumar leƙen asiri ikon kamu da tsarewa a 2024, da sunansa wasu jihohi suka rusa kwamitocin unguwanni, alhali matasan kwamitocin nan su ne suka riƙe tukwanen takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, da suka ciyar da mutane sa'ad da babu gwamnati. Sai kuma batun “baƙuwar fuska”, wato kama mutum don kawai ba a san fuskarsa a gari ba. Wani tsohon ɗalibina ya kwana huɗu a tsare bayan an sauke shi daga mota a wani shinge, laifinsa lafazin Larabcinsa da rashin katin lambar ɗan ƙasa, katin da ya daɗe yana nema ana ce masa ya kawo shaidar kakansa. Idan fuska ta zama hujja, kowa ya san fuskokin da za a fara nunawa.

Sudan ta amince da yarjejeniyar duniya ta 'yancin ɗan ƙasa tun 1986, ta kuma shiga ta hana azabtarwa a 2021. Ba sabon abu nake roƙo ba. Ina roƙon a cire rigar kariya daga duk jami'in da ake zargi da kisa ko azabtarwa, a bar mai gabatar da ƙara ya yi aikinsa ba tare da jiran izinin kowa ba. A hana ɗaukar harsashi mai rai zuwa wurin taron lumana, a rubuta hanin, a karanta shi a rediyo kowa ya ji. Duk wanda aka kama a sanar da iyalinsa inda yake a ranar. A fito da abin da kwamitin 3 ga Yuni ya gano, a kuma buɗe bincike na gaskiya kan Rusairis da Wad al-Mahi, a zauna da iyalan mamata na kowane ɓangare, namu da na maƙwabtanmu, domin su ma sun binne nasu.

Tsohuwar nan ta Gadarif tana nan da rai. 'Yarta ta iso bayan mako biyu da yara uku, ba tare da mijinta ba, kuma har yau babu jami'in da ya zo ya rubuta sunansa.

Wassalam,
Wani malami daga Gadarif