Wasiƙa kan Murfin Lagireton Motar Baba

Tudun Wada,
Kaduna.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan uwa da ke can Yamai, ina sanar da kai cewa mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne wata buƙata da ta shafi a-kori-kurar marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, wato Peugeot 404 ɗin nan da ka san ta kamar yadda na san ta, tun da a bayanta ni da kai muke zama a kan buhunan masara idan zai kai kaya kasuwa.

Motar ta tashi, alhamdu lillahi. An yi wa injin aiki, an sake tiyoyin ruwa da fambel, an wanke lagireto an like inda yake yoyo. Abu guda ya rage, kuma shi ne ya fi kowanne ƙanƙanta: murfin lagireto. Na asalin yana nan a hannuna, sai dai ya gama aiki. Robar da ke ƙasansa ta bushe har tana marmashewa idan na sa farce, sifirin ɗin da ke cikinsa tsatsa ta cinye shi, in ka danna da babban yatsa sai ya lotsa ba tare da wata gardama ba. Amma da na goge samansa da kananzir da tsumma, lambar da aka buga a jiki ta fito sarai, 280, kuma wannan lamba ita ce tushen duk maganar da zan yi maka.

Mutane da yawa, har da wasu masu sayar da kayan mota, suna ɗaukar wannan murfi tamkar abin da aka sa don kada ruwa ya fantsalo ne kawai, shi ya sa za ka ga direba ya toshe bakin lagireto da tsumma ko leda ya kama hanya. Aikinsa ya wuce haka nesa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a bakin teku, a nan Kaduna kuwa, da yake muna kan tudu da ya kai kimanin mita 600, yakan tafasa tun a wajen digiri 98. Idan aka kulle ruwan aka bar matsi ya taru a kansa, ba zai tafasa ba sai zafi ya haura haka. Sifirin ɗin murfin shi ne yake riƙe wannan matsi har zuwa iyakar da aka ƙayyade masa, daga nan ya ɗaga ya saki rarar ta siririn bututun da ke gefen wuyan lagireto. Lambar 280 tana nufin giram 280 a kan kowace murabba'in santimita, abin da ya yi kusan daidai da 0.28 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma da wannan matsi ruwa ba zai tafasa ba sai a wajen digiri 107. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bawul a tsakiyar murfin daga ƙasa, mai faɗin kwabo ko ƙasa da haka, wanda yake buɗewa idan inji ya huce ruwa ya koma ya tsuke, domin iska ta shiga. In ya maƙale, za ka buɗe bonet da safe ka tarar tiyon sama ya shafe kamar an tsotse shi.

Na zaga Panteka shago-shago da tsohon murfin a aljihu. Murafe kam ga su nan tuli, a cikin kwali da kuma a zube cikin kwanuka, amma kusan duk wanda na ɗauka 0.9 ne ko 1.1 a rubuce, domin na motocin zamani ne. Na 0.9 ya ninka namu fiye da sau uku, na 1.1 kuwa ya kusan ninka shi sau huɗu. Masu shagunan ba da mugun nufi suke cewa in saya ba, a ganinsu murfi mai ƙarfi ya fi rago, tun da yana hana ruwa tafasa har zuwa kusan digiri 120. Gaskiya ne ga motar da aka ƙera don ta ɗauki wannan matsi. Lagireton Baba kuwa na tagulla ne da aka harhaɗa da dalma, ya haura shekara 40 a duniya, kuma sa masa irin wannan murfi daidai yake da ɗora wa jaki kayan raƙumi. Matsin da murfin ya ƙi saki sai ya nemi wata mafita, ko ta inda aka like tankin sama, ko ta bakin tiyo, ko ta robar wata-famfo. Ranar da ruwa ya tsiyaye a kan hanya kuwa, kan injin nan na alminiyam ne, zafi yana iya lanƙwasa shi ya ƙone gasket, aikin da kuɗinsa zai sayi murafe fiye da yadda mutum zai iya ƙirgawa.

Ba matsin ne kaɗai matsala ba, akwai kuma sura. Yawancin murafen motocin Japan ƙanana ne, ko hawa bakin namu ba sa yi. Waɗanda faɗinsu ya yi daidai ma, tsawon ƙafarsu ya bambanta, domin wani wuyan lagireto yana da zurfi, wani kuma gajere ne. Murfi mai gajeriyar ƙafa zai ɗauru da kyau a ido, kunnuwansa su kama, amma robarsa ba ta taɓa mazauninta a ƙasa ba, saboda haka ba ya riƙe komai. Mai doguwar ƙafa kuma a gajeren wuya zai danne sifirin fiye da kima, lambar da ke jikinsa ta tashi a banza. Wannan ne ya sa ban yarda da "gwada ka gani, ai ya zauna" ba.

Mai gyaran lagireto ya ba ni shawarar ya narke dalmar wuyan ya cire shi, ya dasa wuyan wata motar zamani, ta yadda duk inda na shiga zan sami murfi. Shawara ce ta mai son sauƙaƙa mini, na kuma gode masa, amma ban karɓa ba. Sabon wuya zai tilasta mini sa murfi mai ƙarfi, ka ga an koma gidan jiya. Ban da haka, ina son motar ta zauna yadda ta fito daga Kakuri. Ka san tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a masana'antar nan ta Kaduna, kuma mutanen unguwarmu da dama a can suka ci abinci har suka tsufa. Wani dattijo daga cikinsu, wanda yanzu ba ya iya kwanciya a ƙarƙashin mota sai dai ya zauna a benci yana nuna wa yaransa abin yi, shi ne ya juya murfin a tafin hannunsa ya ce mini kada in kuskura in canza shi da wanda ya fi shi ƙarfi. Motocin da irin hannunsa suka haɗa sun kusan ƙarewa a titi, yawancinsu 'yan gwangwan sun yanka sun auna a sikeli, shi ya sa nake ganin wadda ta tsira ta cancanci a bar mata kayanta.

Na aika Ƙofar Ruwa a Kano, abin da aka kawo mini ya sha bamban da namu. Sai na tuna cewa a wajenku tsofaffin Peugeot sun daɗe suna aiki a hanyoyin ƙauye, kuma kayansu sun riƙa shigowa kai tsaye daga Faransa. Motar ma ba ƙaramin zamani ta yi ba: an fara ƙera 404 a 1960, kuma a Kenya ba a daina haɗa ta ba sai a 1991, don haka ina da yaƙinin akwai irin wannan murfi a kwance a cikin akwatin wani tsohon bakanike. Ina roƙonka, idan ka sami sarari, ka leƙa kasuwar Katako da garejin masu gyaran tsofaffin motoci ka tambaya mini.

Zan haɗo maka da hoton murfin ta sama da ta ƙasa, da kuma awon wuyan lagireton da na yi da rula, faɗin bakinsa da zurfinsa zuwa inda roba take zama. In an miƙo maka wani, fara duba lambar, ta kasance 280 ko 0.28. Sannan ka kifa shi ka danna farantin ƙasa da yatsa, ya kamata ka ji yana turo ka a hankali, ya kuma dawo da kansa ba tare da ya karkace ba. Ka ja ɗan bawul ɗin tsakiya da farce ka ga ko yana motsi. Robar kuwa kada ta dame ka sosai, domin ko murfin da bai taɓa hawa mota ba, in ya daɗe a ajiye cikin zafin ƙasarmu, robarsa takan ƙandare, kuma a Panteka akwai masu yanka sabuwa daidai da tsohuwar. Sifirin ne ba shi da gyara, tun da ba mai iya auna ƙarfinsa da ido. Na hannu ma ina so in dai lafiyayye ne, kuma idan ka ci karo da biyu ka ɗauko su duka. Wata alfarma kuma, in a jikin mota za a cire maka shi, ka tabbata injin ya huce sarai kafin kowa ya murɗa, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya tafasa nan take ya feso wa mutum a fuska.

Kafin nan motar tana ajiye a gida, ina tayar da ita lokaci-lokaci ta ɗan yi ɗumi in kashe, ba na fita da ita nesa. Duk abin da ka kashe ka sanar da ni. Idan an dace, ka ba direbobin da ke zuwa Kano ta Maraɗi, ƙanena zai karɓa a tasha ya kawo mini.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, Hajiya ma tana gaishe ku da kyau. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.