Wasiƙa Daga Fulorans: Gawayi, Zare da Kunnen Filasta

Fulorans, Italiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, har da tsokanar da ke ciki, wai na tsallaka teku takanas don in zana kunne. Ba ƙarya ka yi ba, kunnen na zana shi, kuma ya ci mini makonni. Tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, bari in rubuto maka yadda abin yake.

A makarantar koyon zanen da nake, ba a ba sabon ɗalibi fenti, ko burushi ba ya taɓawa. Fensir ake miƙa masa, da wasu zanuka da wani Bafaranshe mai suna Charles Bargue ya shirya tare da mai zane Jean-Léon Gérôme, aka buga su a Faris tsakanin 1866 da 1871, a ce masa ya kwafa. Ido, tafin ƙafa, hannu, gefen fuska. Kuma ba kwafin "ai ya yi kama" ba, sai layi ya hau kan layi. Shahararren mai zanen nan Van Gogh ma da waɗannan zanukan ya koya wa kansa aiki wajen 1880. Tsarin makarantar allo ne sak: ka rubuta, malam ya duba, ka wanke ka sake, ba a yi maka ƙari sai na hannunka ya zauna.

Idan ka haye wannan, sai a tsayar da kai gaban farar filasta, wato siffofin sassan jiki da aka ƙera da filasta. Yawanci gutsattsari ne da aka kwafo daga fuskar mutum-mutumin nan na gwanin sassaƙa Michelangelo da suke kira David, wanda ya sassaƙa daga dutsen marmara tsakanin 1501 da 1504: ido daban, hanci daban, baki daban, sai kuma kunnen da kake yi mini dariya a kansa. Ana rataye shi a bango, ka kafa allon takardarka dab da shi, sannan ka ja da baya kamar taku uku ko huɗu, ka manna salatif a ƙasa. Wannan alamar ita ce mazauninka. Daga nan kaɗai aka yarda ka kalli abin da kake zanawa. Ka miƙe hannu riƙe da zare mai ɗan dalma a ƙarshensa, ka rufe ido ɗaya, ka auna inda saman kunnen ya tsaya, ka tako gaba ka ɗiga alama a takarda ba tare da ka waiwayi filastar ba, ka koma kan salatif ka duba. Haka za ka wuni, gaba da baya. Hikimar ita ce daga inda kake tsaye, zanen da abin da ake zanawa girmansu ɗaya ne a idonka, don haka kuskure ba shi da wurin ɓuya. In ido ya gaji ya fara yi maka ƙarya, sai ka juya baya ka kalli su biyun ta ƙaramin madubi. Nan take karkatar da ka yini ba ka gani ba za ta fito fili.

Malamarmu ba ta da yawan magana. Takan zo ta tsaya kan salatif ɗina, ta kanne ido, ta ce inuwar nan ta cika faɗi, ta wuce. Ba ta taɓa cewa zane ya yi kyau ko bai yi ba. Abin da take nema shi ne ka daina zana kunnen da ka sani a kanka, ka zana siffar inuwa da siffar haske kamar yadda suka faɗo a kansa. Da farko abin ya ƙona mini rai, ni da ake yabo a gida.

Hasken ɗakin daga taga ɗaya yake shigowa, ta arewa, domin hasken arewa ba ya yawo da inuwa kamar na gabas ko yamma. A hunturun nan rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, to aiki yana tashi da wuri, magariba kuma ta riske ka a hanya. Da gawayi muke zanen filasta, siririn gawayi na rassan itace da ake fiƙewa a kan samfefa har ya yi tsini. Ka ga hancina da yamma! Takarda mai kyau kuwa ta Fabriano ce, garin da ake yin takarda tun ƙarni na 13, kuma duk lokacin da na saya sai na mayar da kuɗin zuwa Naira a zuciyata, sannan in yi istigfari.

Zaman garin ba zan ɓoye maka ba, akwai tsada, haya ce kan gaba. Muna raba gida da wasu ɗalibai, ɗaya daga Koriya, ɗaya daga Barazil. Baƙo irina dole ya nemi takardar izinin zama cikin kwanakin aiki 8 da shigowarsa, ta gidan waya ake turawa, daga baya a kira shi ɗaukar zanen yatsu. Takardar ɗalibi ta yarda a yi aiki har awa 20 a mako, amma wanda ya wuni a tsaye gaban allo ba ya da sauran ƙafar yin wani aiki. Burodinsu na nan yankin Tuskani babu gishiri a cikinsa ko kaɗan, da gangan suke yin sa haka, kuma har yau ban yafe masa ba. Juma'a ina zuwa masallaci a cikin gari, inda nake haɗuwa da 'yan Maroko da Bangaladash da Senegal. Lahadin farko ta kowane wata gidajen kayan tarihi na gwamnati kyauta ne, sai dai layin ya isa ya sa ka fasa.

To, mu zo kan maganarka ta gaske. Ka tuna mini da ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda a mayar da su 'yan kwaikwayon Turawa, ka ce ni kuma ga shi na biya kuɗi ina neman abin da suka tsere wa. Na juya maganar sosai. Amma ka tuna, su ma sai da suka iya zanen aji kafin suka juya masa baya, kuma ba watsi suka yi da shi ba, haɗa shi suka yi da na gida. Wanda bai iya auna fuska ba, in ya karkatar da ita ba salo ba ne, gazawa ce.

Sai dai akwai inda nake tare da kai. Wannan hanya an gina ta ne a kan farar filasta da farar fata, a garin da ya kafa makarantar zane tun 1563. Wani ɗan Senegal da muka saba a masallaci ya zauna mini na zana shi, sai na ga abin da aka koya mini bai isa ba. A farar fata haske yana sauka a hankali har ya shiga inuwa. A baƙar fata kuwa goshi da kan hanci da kunci suna ɗauko hasken taga su mayar da shi da sheƙi, sauran fuskar kuma duhunta kusa yake da juna, bambancin ɗan kaɗan ne. In ka bi ƙa'idar filasta ido rufe, ko dai ka toshe fuskar da baƙi, ko ka mayar da mutum toka-toka. Awon ya taimake ni, kamanninsa sun fito, amma fatar sai da na yi ta gwaji ni kaɗai. A nan nake ganin aikina yake idan na dawo, fuskokin mutanenmu ƙarƙashin rana irin tamu, wadda ba ruwanta da tagar arewa.

Batun ajin da ake zana mutum babu sutura, da ka tambaya a ƙarshen saƙonka kana noƙe-noƙe, eh akwai shi, kuma ginshiƙi ne a tsarin nasu. Na yi magana da malamai, na fi ba da ƙarfi a filasta da zanen fuska. Sauran bayanin ba na takarda ba ne, sai mun zauna.

In ka sami mai tahowa, a haɗo ni da yaji da kuka da daddawa. Kada a sa kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka kuma ɗauko mini hoton Baba a zaure, da safe, fuskarsa na kallon ƙofa, kada ka kunna fitilar waya. Ina so in gwada shi da gawayi kafin hutu.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. A gaida uwargida da yara da 'yan majalisa duka.

Naka,
Amininka na Fulorans