Kafin ka haɗiyi ƙwayar farko

Garwa, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya zafin Injamena? Mu nan sai godiya, Binuwai ya ja baya har yara na buga ƙwallo a kan yashi.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, kuma na ga hoton farcen. Ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa. Ba mamaki, mutumin da ke yini ƙafarsa cikin takalmin roba yana wankin mota! Na ji daɗi da ka je asibiti. Abin da bai kwanta mini ba shi ne cewar da ka yi ba za ka yi gwajin jinin da likita ya nema don duba hanta ba, wai kuɗin zai fi amfani a cefane.

Mutumina, ka manta shekarar da muke makarantar allo, idanunka suka yi kamar gwaiduwar ƙwai, Inna tana ɗura maka jiƙo safe da yamma? Ni ban manta ba. Ka gaya wa likitan cewa ka taɓa yin shawara? Na san halinka, ba ka faɗa ba. Terbinafine ɗin da ya rubuta maka, ƙwaya ɗaya mai miligiram 250 kullum, na farcen ƙafa yakan kai mako 12, kuma hanta ce ke sarrafa shi duk tsawon lokacin. Yawancin mutane suna sha su gama lafiya lau, amma mai ciwon hanta ba a ba shi. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya yi yawa a yankinmu, mutum zai shekara 20 da shi yana cin tuwonsa bai sani ba. Gwajin nan shi zai nuna halin da hantarka take ciki. Don Allah ka yi shi.

Idan za ka koma, ka zuba duk abin da kake sha a leda ka kai masa, har da sassaƙen basir ɗin nan da kake cewa ba magani ba ne, shayi ne. Ba don a kunyata ka ba. Magunguna suna faɗa da juna a ciki: rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin terbinafine, fluconazole kuma, wani maganin irin wannan ciwo naka, yana iya sa wasu ƙwayoyin ciwon suga su yi aiki fiye da kima, sugan mutum ya faɗi ƙasa.

Sai maganar da ta fi tayar mini da hankali, wai za ka ɗiba wa uwargida da yaron daga cikin maganin naka. A'a! Ba kai ka ce tana da juna biyu ba? Mai ciki ba ta shan irin waɗannan sai likita ya duba ta. Griseofulvin, maganin makero, an hana mai ciki shansa gaba ɗaya, fluconazole ma ana danganta shi da ɓari. Shi kuma yaron, makeron kai shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani, amma sai an ɗora shi a sikeli an auna masa nasa. In griseofulvin aka ba shi, a haɗa masa da madara ko abinci mai maiƙo, ya fi shiga jiki. A raba masa mataji da hula, a gaya wa mai aski.

Kar kuma ka saya a tire a kasuwa, inda rana ta gasa shi. Ni nan na ɗanɗana. Bara makero ya fito mini a wuya, na sayi wani man shafawa a hannun mai talla, kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta, har ina yi masa addu'a. Bayan wata guda abin ya zagaye mini wuya kamar rawani. Ashe akwai sinadarin da ke danne kumburi a ciki, irin na man bilicin, ya rufe ciwon yana ci ta ƙasa. Masu tiren nan har ƙwayar ketoconazole suke miƙa wa mutane, wadda Tarayyar Turai ta dakatar da shanta don irin wannan ciwo tun 2013 saboda lahanin da take yi wa hanta.

In ka fara sha, ka riƙa duba idonka a madubin mota. Ka ga ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko tashin zuciya da kasala sun ƙi tafiya, ko ƙuraje sun feso, ka ajiye maganin ka koma asibiti a ranar. Wasu ma ɗanɗanon abinci ke ɗauke musu, shi ma a faɗa wa likita. Kuma kar ka ce magani bai yi ba don farcen bai gyaru a wata guda ba. Sai sabo ya tsiro ya ture tsohon, abin da kan ɗauki kusan shekara.

Kuɗin gwajin ni zan biya, kar ka yi mini musu. Zan ba direban da ke zuwa Kusiri ranar Asabar, tare da kilishin yara. Kai dai ka turo mini hoton sakamakon.

Ka gaida uwargida, Allah ya raba lafiya.

Naka,
amininka na Garwa